Mala'ika Mai Yaji

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na bayan kasuwar Debre Berhan ya san Gash Demeke, ko da bai san fuskarsa ba ya san gashin bakinsa. Gashi ne irin wanda ke riga mai shi shan kwana. Kullum da safe sai ya murza shi da man shanu, ya lanƙwasa bakinsa sama kamar ƙahon bijimi, sannan ya fito ya ba duniya damar kallo. Ya ce aska ba ta taɓa hawa wurin ba tun yana saurayi. Ya ce wani janar ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar titi don kawai ya tambaye shi sirrin abin.

A ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata maɗaba'a a Addis Ababa. Shi dai cewa yake yi injin ne a hannunsa. Waɗanda suka san shi a can kuwa sun ce ƙofa ce a hannunsa, yana buɗewa yana rufewa.

To, damina ta fara ja da baya, furen adey ya rufe tuddai da rawaya, bikin sabuwar shekara ya ƙarato. Yaran layi duk sun duƙufa suna zanen furanni a takarda, waɗanda za su bi gida-gida su raba da safiyar biki a ba su burodi da 'yan sulalla. Jikokin Demeke biyu, Tamrat da ƙanwarsa Mitu, suna zaune a dakalin shagon Wondimu wanzami suna ta fama. Sun shafa wa takarda mai ta yi shara-shara, sun ɗora ta a kan wani tsohon zane suna bin layi, Mitu harshenta a waje don tsananin himma.

Demeke ya tsaya a kansu ya yi tsaki.

"Dubi wahala. Jikokina, jinina, su ne ke zane ɗaya bayan ɗaya kamar zamanin jahiliyya?"

Wondimu ya leƙo daga cikin shago, almakashi a hannu. Shi da Demeke tare suka tashi, kuma tun tasowarsu babu ranar da ɗayansu ya bar wa ɗaya magana ta kwana.

"Ka bar yara su yi wasansu, Demeke. Kai da kake yaro me ka zana? Ni na tuna furenka. Mahaifiyata ta karɓa ta ce Allah ya jiƙan wannan gizo-gizo."

"Wancan kafin in yi ilimi ne. Yanzu in na ga dama, a yini ɗaya zan buga wa yaran nan abin da babu gidan da ba zai rataye shi a bango ba."

"Babu gida?"

"Daga gidan Emahoy Yeshi har bakin famfo!"

"In kuma aka samu gida ɗaya da bai rataye ba?"

Masu jiran aski suka gyara zama. Da Demeke ya yi dariya ya wuce, da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Sai ya kai hannu ya shafa abin alfaharinsa.

"Ka aske wannan. A nan, a gaban jama'a."

Wondimu ya ajiye almakashi a hankali, ya buɗe aljihun tebur, ya zaro wata tsohuwar aska ya dube ta kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

"Kun dai ji. Ni kuma in ya ci, zan durƙusa in sumbaci gwiwarsa a tsakiyar layi."

"Ka fara koyon durƙuso," in ji Demeke, ya tasa jikokinsa gaba.

A hanya ya yi tunani, kuma a gaskiya tunanin ba na banza ba ne. Zanen fure, a karɓa ne a yaba, kwana biyu a kunna gawayi da shi. Amma wa zai iya jefa mala'ika a murhu? Babu. Ko ba ka so, dole ka nema masa ƙusa. Saboda haka mala'ika zai buga. Ya ji daɗin wayonsa har ya gai da kansa da kansa.

Yana shiga gida ya ƙwace fensiran yara masu launi ya ɗora a saman kabad.

"Daga yau kun zama ma'aikatan maɗaba'a. Tamrat, kai ne mai miƙa takarda. Mitu, ke ce mai shanya."

"Kaka, ni fure nake so," in ji Mitu.

"Ma'aikaci ba ya so. Ma'aikaci yi yake yi."

Matarsa Askale, wadda ake ce wa Etiye Askale don girmamawa, tana tsakar gida tana yanka albasar miyar kaza, tulin albasar ya kusa kai mata gwiwa. Ba ta ɗago ba.

"Me kuma aka ƙirƙiro bana?"

"Mace, aikin ilimi ne. Ina kabewar nan?"

"Ta miyar jibi ce."

"Ta samu ƙarin girma."

Ya raba kabewar biyu, ya zauna da wuƙa yana sassaƙa mala'ika a jikinta. Injin bugawa kuwa, in ji shi, ba komai ba ne illa abu mai faɗi da abu mai nauyi. Ya zagaya gidan yana neman abu mai faɗi. Can sai Askale ta nufi bayan gida da butarta, ta dawo da sauri fiye da yadda ta tafi.

"Demeke! Ina ƙyauren banɗaki?"

"Yana bakin aiki."

"To ni in yi yaya?"

"Ki riƙa waƙa in kin shiga. Kowa zai san da mutum."

Launin farko kore ne. Ya sa yara suka tsinko ɗanyar ciyawa, ya daka a turmi, ya tace, ya zuba ƙullun injera, wainar nan mai faɗi da ake ci da miya, don ya yi kauri. Ya shafa wa kabewa, ya ɗora takarda, ya ɗora ƙyaure, ya hau ya yi tsalle. Da aka ɗaga, yaran suka leƙa.

"Kwaɗo!" in ji Mitu, tana tafi.

"Mala'ika ne."

"To me ya sa ya tsuguna?"

"Yana shirin tashi ne. Kai ki shanya."

Suka buga tuli guda, Mitu ta jera su a igiyar shanya iya tsayinta. Iya tsayin Mitu kuwa shi ne daidai bakin ragon biki da ke ɗaure a gindin igiyar. Shi ragon tunda aka kawo shi daga kasuwa bai ga abin kirki ba sai busasshen kara. Yau ga ɗanyar ciyawa da ƙullu an shimfiɗa masa a takarda, har da jerawa. Kafin Demeke ya gama wanke hannu, rago ya bi layi ya cinye rundunar mala'iku kaf, yana tsaye yana tauna ta ƙarshe, fiffike ɗaya na leƙowa ta gefen bakinsa.

"Wayyo! Ɗan banzan rago! Arne!"

"Kada ka zage shi," in ji Askale. "Shi kaɗai ne ya yaba aikinka."

Labari ya riga ya fita. Da yamma Wondimu ya zo wucewa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ciro askar nan yana wasa ta a jikin ɗamararsa, shuu, shuu.

"Me kake nema, wanzami?"

"Ba komai. Na zo in gai da shi ne." Ya nuna leɓen Demeke da haɓa. "Kada a ce ban yi masa ban kwana ba."

Washegari Demeke ya gano inda matsalar take. Nauyi ne bai isa ba, shi ya sa mala'ika ya fito kamar kwaɗo. Ya kuma canza launi, ya ɗauko shunin wankin Askale ya dama. Sannan ya leƙa ta katanga ya kira maƙwabciyarsu Etiye Tiruwork mai sayar da giyar gida, mace mai albarkar jiki, wadda in ta shiga motar haya mutum uku ke sauka.

"Etiye, ki taimaki ilimi. Zama kawai za ki yi."

"A kan me?"

"A kan inji."

Ta shigo ta dubi injin sama da ƙasa. "Wannan ba ƙyauren banɗakinku ba ne?"

"Da can."

Ta tattara zaninta ta ce da sunan Allah, ta zauna. Aka ji wani sauti kamar saniya ta taka laka. Kabewa ta fashe, shuni ya yi tsartuwa ta ko'ina, ya haye igiya ya sauka a kan fararen mayafan biki da Askale ta kwana biyu tana wankewa. Ita kuwa Tiruwork ƙyauren ya karkace da ita, ta tafi da baya, ƙafafu sama, tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

"Ka kashe ni, Demeke! Ka kashe ni a kan ƙofar masai!"

Askale ta fito ta dubi mayafanta da suka koma kamar zabuwa. Ba ta yi ihu ba. Ta dai dubi mijinta ta ce a hankali, "In Wondimu ya gaji, ni ina da wuƙar albasa."

Da wani ne, da ya tsaya a nan. Demeke kuwa cewa ya yi a Addis ma ba a samun bugu mai kyau sai a karo na uku. Ranar jajibiri ya yanke gindin tsohon takalminsa na roba, ya sassaƙa sabon mala'ika a kai, wanda ko giwa ta zauna ba zai fashe ba. Saura launi. Yana son launi mai haske, mai kama takarda, wanda kuma rago ba zai kusanta ba.

Idonsa ya faɗa kan tulun barbare.

Wanda bai san barbaren Etiye Askale ba bai san wuta ba. Jan yaji ne da take shanya barkononsa da kanta, ta daka da kanta, ranar dakan kuwa har karnukan layi ƙaura suke yi. Demeke ya jira ta tafi kasuwa, ya ɗebi gwangwani biyu, ya narka man shanu ya kwaɓa, ya ƙara kurkur don fukafukai su yi ruwan zinariya. Abin ya fito ja wur, yana ƙyalli.

Ya buga ɗaya ya kai wa rago har hanci. Rago ya sunsuna, ya yi atishawa, ya ja da baya har igiya ta shaƙe shi.

"Ci mana! Ba kai ne gwani ba? Ci!"

Yaran suka leƙa sabon bugu.

"Kaza," in ji Tamrat.

"Soyayya," in ji Mitu.

Demeke ya ɗauki biro ya bi kowace takarda ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: MALA'IKA. Ya ce ko a Addis haka ake yi wa jahilai. Yaran suna ta atishawa, hawaye na zuba, ya ce ƙamshin maɗaba'a ke nan, duk ma'aikaci sai ya saba.

Da Askale ta dawo ta ga tulunta ya yi ƙasa, ta ga jajayen takardu sun cika igiya, ta buɗe baki za ta yi magana. Ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki ce komai. Gobe za ki ga Wondimu a durƙushe."

Ta dube shi, ta dubi takardun, ta rufe bakinta. Shekarun aure sun koya mata cewa akwai tuwon da ba a hana mutum ci da zafinsa.

Safiyar biki ta waye fes. An shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙofar kowane gida, ƙamshin gahawa da turare ya cika layi, 'yan mata na zagawa da ganga suna waƙa. Jama'a na dawowa daga coci cikin fararen kaya tas. Demeke ya murza gashin bakinsa da mai har ninki biyu, ya raba wa jikokinsa takardu.

"Tamrat, ka ɗauki dama. Mitu, hagu. Da gudu! Kada ku tsaya surutu, ku miƙa ku wuce, kafin 'yan furen nan su cika bango."

Yara suka zuba a guje. Shi kuma ya riƙe guda ɗaya, ya taka da kansa zuwa gidan farko, gidan Emahoy Yeshi, tsohuwar da ta ba duniya baya ta sa hular ibada, wadda ko limamin coci sai ya rusuna mata. Tana zaune a ƙofa tana shan hantsi.

"Emahoy, barka da sabuwar shekara. Ga aikin jikokina, da ɗan taimakon masana."

Ta kai takardar kusa da ido. "Zakara ne?"

"Karanta ƙasa, Emahoy."

"Au! Mala'ika! Allah ya gafarta mini."

Nan fa Demeke ya tuna da abin da duk ɗan layin nan ya sani tun yana goye. Ba a rataye mala'ika haka kawai. Emahoy ta riƙe takardar da hannu biyu, ta kai goshi, ta kai leɓe ta sumbata, ta sake kai goshi, sannan don neman tubarraki ta shafa a idon dama, ta shafa a na hagu.



Sai ta miƙe tsaye. Matar da ta shekara ba ta tashi sai an kama ta, ta miƙe ba sanda.

"Wuta! Wuta! Ya Maryamu, na makance!"

Kafin Demeke ya ce wani abu, aka ji irin wannan kuka daga gida na biyu. Sai na uku. Yaran sun bi umarni, sun yi gudu na gaske. Ihu ya riƙa bin layi gida-gida, dama da hagu, kamar ana kunna fitilu, har bakin famfo. Mutane suka firfito suna tari suna atishawa, kowa da jan tambari a goshi da leɓe. Masu goge ido da farin mayafi suka mai da mayafin ja. Malamin makaranta ya tsoma kansa cikin bokitin wanki. Tiruwork ta fito tana fifita harshe da murfin tukunya.

"Shi ne! Shekaranjiya ya karya mini ƙugu, yau ya gasa mini baki!"

Taro ya tasa Demeke gaba har ƙofar shagon wanzami. Wondimu na tsaye a dakali da kayan biki, fuskarsa fes, domin shi da aka miƙa masa sunsunawa ya fara yi.

"Jama'a, ku saurara," in ji Demeke, yana ja da baya. "Wannan launi ne na zamani. Fatarku ce ba ta saba da shi ba. A Addis..."

"A Addis da miya suke bugu?" wani ya tambaya.

"Kawo injera mu ci mala'ikan!" in ji wani.

"Sharri ne! Babu komai a jikin takardar nan. Sanyin safiya ne ya kama ku."

"To madalla," in ji Wondimu, murya a sanyaye. Ya miƙo tasa takardar. "Tunda babu komai, nuna mana. Kai ne ka buga shi, ka fi kowa sanin darajarsa. Sumbace shi."

Demeke ya dubi takarda. Ya dubi jama'a, idanu jajaye sun kewaye shi. Ya hango Askale a baya ta harɗe hannu. Ya karɓa, ya ɗan taɓa da leɓe kamar mai ɗanɗana shayi.

"Haka ake yi a gidanku?" in ji Emahoy Yeshi, ana riƙe da ita tana hawaye. "Yi da imani, ɗan nan!"

Ya rufe ido ya danna takardar a baki da ƙarfi. Ya ɗago. Ya yi murmushi.

"Kun gani? Ko a jiki..."

Bai ƙarasa ba. Su sauran jama'a fata ce kawai, sun wanke ta wuce. Shi kuwa man takarda ya tarar da ɗan'uwansa man gashin baki, suka rungumi juna, barkono ya shige cikin kurmin nan ya samu wurin zama. Kowane numfashi ya ja, sai ya zuƙo wuta ta hanci. Ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Aka watsa masa ruwa, ruwa ya gangare ta kan mai ya wuce. Aka kawo nono, gashi ya shanye nonon ya ci gaba da ci. Ya goge da hannun riga, ya kai abin har ido. Gash Demeke ya shiga rawa a tsakiyar layi, 'yan matan ganga kuwa da suka ga babba na rawa, sai suka ba shi kiɗa.

"Wondimu! Wondimu, ɗan'uwana!"

"Na'am?"

"Cire shi!"

"Me zan cire?"

"Ka sani! Cire shi!"

"Haba, Demeke, yau biki ne, ba na aiki. Kuma ba a ƙirga bango ba tukuna. Wa ya sani, ko kowa ya rataye."

"Babu wanda ya rataye! Ni shaida ne! Don girman Allah, aske!"

Da ƙafarsa ya hau kujera, da hannunsa ya ɗaura wa kansa ƙyalle. Wondimu ya juyo da kujerar ta fuskanci layi don kada kowa ya yi asarar kallo, ya ɗaure hancinsa da hankici, ya sa aska. Abin da janar ya tsayar da mota dominsa ya zubo ƙasa ɓangare biyu, aka share da tsintsiya can nesa da kaji.

Su Tamrat da Mitu kuwa ba su taɓa yin biki irin na bana ba. Kowane gida aka kira su aka cika musu hannu da burodi da gugguru, da sharaɗi ɗaya, su ɗauke mala'ikansu su tafi da shi. Ba mai iya jefarwa, ba mai iya ajiyewa. Suka dawo aljihu fal, suka tsaya a gaban kujerar wanzami. Mitu ta dubi mutumin da ke kai, leɓensa fari fat a kumbure kamar na jariri, ta ɓuya a bayan yayanta.

"Ina Kaka?"

Demeke ya karɓi madubi ya daɗe yana kallo. Jama'a suka daina dariya, don ko mai laifi akwai lokacin da ake tausaya masa. Ya juya fuska dama, ya juya hagu. Ya share hanci.

"Kuskure ɗaya ne kawai," in ji shi. "Man ya yi yawa. Baɗi in Allah ya kai mu, na rantse da..."

Hannunsa ya tafi saman leɓe ya tarar da fili.

Wondimu dai ya sunkuyo yana duban girar Demeke, mai kauri, mai kyau, ya ci gaba da wasa askarsa.